Tagogin Jirgin Sine

Guduma na hannun Amaga lokacin da tsoho Sine ya ɗago kai daga tabarma, ya gama tarinsa, ya ce, "Kai mai albasa, bar wa katako wurin numfashi. Ba ƙofar rumbu kake yi ba."

"Kwanta, kifi. Tun kakanka bai san wando ba muke sassaƙa."

Haka suke. Amaga Gindo ɗan ƙabilar Dogon ne, kafinta, mutumin kan dutse inda ake noman albasa. Sine Kayantawo kuwa ɗan Bozo ne, masunci, a cikin jirgi aka yanke masa cibiya. Wasan da ke tsakanin ƙabilun nan na kaka da kakanni ne, ga shi katanga ɗaya ta raba gidajensu a Mopti tun gashinsu na baƙi. Ranar da ba su zagi juna ba, sai matan gida sun tambaya ko lafiya.

Bana dai ba lafiya. Ciwon ƙirji ya cinye Sine, buri ɗaya ya rage masa: a kai shi Kolidaga, tungar da aka haife shi, ya cika a can, a kwantar da shi kusa da kabarin matarsa. Hanyar tungar ɗaya ce, wani siririn reshen kogi da ke buɗewa in ruwa ya cika, ya rufe in ya janye. Ruwa kuwa ya fara ja. Sitan, 'yarsa, ta kafe a kan ba za ta miƙa ubanta ga iskar kogi ba sai ɗakin tsohon jirginsa ya rufu ruf. Tagogin ɗakin kuwa sun ruɓe, ka danna firam da yatsa sai gari.

Amaga ya rufe rumfarsa ya tare a bakin ruwa. Ya ɓamɓare ruɓaɓɓun, ya kankare tsohon liƙi, ya sassaƙa sababbi. Sine na kwance a inuwar jirgin yana ba da umarni: a bar tazara tsakanin gilashi da katako, a cusa tsumma, a liƙe da man kaɗe da garin gawayi, domin katako in ya sha ruwa kumbura yake.

Amaga ya ji sarai. Sai dai in ya dubi tazarar, ya dubi haƙarƙarin abokinsa, sai ya ga duk sanyin kogi ta nan zai shigo. A garinsu kuma, ƙofar da ta bar wa tururuwa hanya abin kunya ce ga mai sassaƙa. Da barci ya ɗauki tsohon, ya matse gilasan tsam, ya shafe saman da liƙi. So ne ya sa shi, amma kogi ina ruwansa da so.

Aka tura jirgi ruwa ya jiƙa, yadda aka saba. Da safe suka tarar da gilasan sun tsattsage, biyu ma sun zube.

Sine ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya samu numfashi ya roƙi Sitan ta lulluɓe shi da bargo su tafi a haka.

"Baba, ka mutu min a tsakiyar ruwa? Ba zan iya ba." Ta juya ga Amaga, ido jawur. "Baba Amaga, ka sake."

Ya sake. Ya bi kasuwa rumfa-rumfa yana neman gilashi, ya kwance abin da ya ɗaura, wannan karon ya bar tazarar. Kullum in ya iso, jiƙaƙƙen shatin da ruwa ke bari a jikin turken ɗaure jirgi ya ƙara tsawo. Masuntan da ke dawowa suka ce bakin reshen ya koma iya gwiwa. Daga baya suka daina faɗa masa, sai dai su gaishe shi su wuce.

Sine bai ƙara iya fitowa ba. Amaga ya same shi a gida, hannunsa baƙi da gawayi.

"Ka gama?"

"Saura ɗaya."

"To, zage ni mana. Tun jiya sannu kake min kamar baƙo."

Amaga ya buɗe baki. Zagin da ya tara na tsawon zamansu, ko ɗaya bai zo ba. Ya riƙe ƙafar tsohon kawai.

"Mutanen dutse," in ji Sine a hankali. "Ko zagi sai an koya muku."

Bayan azahar ya cika. Aka binne shi a maƙabartar gari, cikin ƙasa mai tauri, tsakanin mutanen da bai sani ba. Wurin zaman makoki dangi suka yi ta kallon Amaga, domin abokin wasa ne ke tsokanar mamaci ya sa masu kuka dariya. Ya sunkuyar da kai har aka shafa fatiha.

Washegari ya koma bakin ruwa, ya tarar ƙasan jirgin ya zauna a kan taɓo. Ya sa tagar ƙarshe, ya cusa tsumma, ya liƙe, sannan ya shiga ya ja ƙofa. Ko ɗigon iska ba ya shigowa. Wani ƙuda da aka rufe da shi yana ta bugun gilashi, ya faɗo, ya sake tashi.