Sunaye Ɗari Huɗu da Sha Biyu

"Fara daga sama, Malam, kar ka tsallake kowa," in ji Injiniya.

Yana jingine da filo biyu, ni ina kan kujerar roba riƙe da takardun da matarsa ta gurzo a shagon kan kwana. Ciwon suga ya riga ya cinye masa idanu, shi ya sa aka ƙwanƙwasa min ƙofa. Shekara tara katanga ɗaya ce tsakaninmu.

A jami'a yake aiki, wajen masu binciken ƙwayar zarra, masu gwara ƙananan abubuwan da ido ba ya gani don su ga me zai fito. Shi ya rubuta manhajar da ke tace musu sakamako. Ya taɓa ce min, "Su ke tankaɗe, ni na ƙera rariyar." Na ce ashe duk ramar nan a kan rariya yake yin ta.

Yanzu binciken ya fito a mujalla. Shafi ukun farko sunayen masu aikin ne zalla, ɗari huɗu da sha biyu. A gabana Farfesa, shugaban sashensu, ya dafa shi a asibiti ya ce sunan Injiniya na ciki ko da nasa za a cire.

Na yi ta karantawa, sunayen baƙi na karya min harshe, yana dariya yana gyara min. Da na iso harafin da sunansa ya fara da shi sai na rage sauri.

"Ka wuce wurin," ya ce.

"Ƙila a ƙarshe suka sa ka."

Na kai ƙarshe. Babu.

Matarsa ta kira Farfesa, ta buɗe muryar wayar.

"Ka san ƙa'ida," in ji Farfesa. "Sai wanda ya yi zaman duba na'ura cikin wata goma sha biyu. Kwamfuta ce ke fitar da jerin da kanta, ba hannun kowa."

Injiniya ya ce, "Ranka ya daɗe, ni na rubuta abin da ke fitar da jerin. Akwai gurbin marar lafiya a ƙasa, ta dama. Shugaban sashe kaɗai ke iya danna shi. Sau uku na tuna maka."

Sai Farfesa ya ce tarurruka ne suka sha kansa, za a duba. Har ya yi sallama ya dawo. "Af, tun da ga ka, manhajar tana tsayawa in bayanai sun yi yawa. Ina za a taɓa?"

Wallahi na so in fizge wayar. Amma Injiniya ya lumshe ido ya faɗa masa fayil ɗin da layin, har da abin da za a sauya. Har gobe ban yafe wa Farfesa tambayar nan ba, shi ma Injiniya na ji haushin amsarsa.

Bayan kwana huɗu ya rasu, da hantsi. Sashen ya aiko da wasiƙa mai kyau.

Da na shiga kwashe kujerun da aka ara don zaman makoki, na tarar da matarsa a kan tabarma, shafi na biyu a cinyarta, biro a hannu. Ta sami wurin, amma layukan sun matsu da yawa. Sai ta juya takardar a kaikaice, ta fara rubuta sunansa a gefe, harafi ɗaya bayan ɗaya.