Ramin Ƙofar Shagon Dogo

Dogo ake ce masa tun yana makaranta, kuma sunan bai sake shi ba ko bayan da ya daina tsayuwa. Da can mai fenti ne, irin wanda ake nema idan bango ya yi tsawo, don inda wasu ke neman tsani shi hannu kawai yake miƙawa. Wata rana katakon da yake tsaye a kai a jikin wani bene ya karye, ya faɗo ta baya. Likita ya ce lakarsa ta taɓu. Daga ƙugu zuwa ƙasa babu abin da ya sake motsi.

Ya daɗe a ɗaki. Da farko 'yan dubiya ba sa yankewa, daga baya suka ragu, har ya zama daga matarsa sai yayansa da ke leƙowa ranar da babu aiki. Matar tana shara a wata makaranta da safe, da abin da take samu ake ci. Abin da ya fi ci masa rai shi ne yadda kowa ke sassauta murya idan zai yi masa magana, kamar an shigo gidan makoki.

Wani tsoho mai yanka makulli a bakin kasuwa ne ya fitar da shi daga wannan zaman. Dogo ya yi wa gidansa fenti shekarun baya. Idon tsohon ya fara rauni, 'ya'yansa kuma babu mai sha'awar sana'ar, sai ya aiko cewa idan Dogo na da hannu da haƙuri, ya zo ya koya. Aikin zaune ne, in ji shi, ƙafa ba ta da rabo a ciki. Dogo ya riƙa tura kekensa na guragu zuwa can kullum har hannunsa ya faɗa. Da tsohon ya ajiye aiki ya bar masa injin a farashin da yayan Dogo ya iya ɗauka, ya haɗa masa da magagari da ɗaurin ɗanyun makullai da ba a yanka ba.

Shagon da ya samu ɗan ƙarami ne, a jerin shaguna na bakin titi, tsakanin tela da mai walda. Mai waldan ne ya ƙera masa tebur na ƙarfe daidai yadda gwiwoyinsa za su shige ƙasa, ya ɗaure injin a kai da noti don kada ya yi rawa. Dogo da kansa ya yi wa bangon fenti iya inda hannunsa ya kai, matarsa ta ƙarasa saman, shi ya sa daga tsakiya zuwa sama launin ya yi kwance-kwance. Tela ya ce ko makaho ya shafa bangon zai san inda gwani ya tsaya.

Aiki ya kankama a hankali. Masu haya da ke son makulli na biyu, direbobi, matan da yara suka jefa musu makulli a rijiya, mai gadin da ya ɓatar da na ƙofar ma'aikata yana tsoron a sani. Dogo yakan matse tsohon makullin a gefe ɗaya, ɗanyen a ɗaya gefen, ya kunna injin, garin tagulla ya riƙa zuba a cinyarsa. Ya goge da magagari, ya hura, ya miƙa. Masu zuwa ba sa sassauta murya. Ciniki suke yi da shi, wani har ya yi masa tsiya cewa ya cika tsada, shi kuwa sai ya ji daɗi har cikin ransa. Da yamma yakan koma gida da ɗan abin cefane a rataye a bayan keke.

Wata safiya ya shawo kwanar titin ya tarar da katafila tana aiki. Kafin ya iso ta riga ta haƙa rami tun daga farkon jerin shagunan har ƙarshensu, a daidai bakin ƙofofi. Zurfinsa ya kai ƙirjin mutum, faɗinsa kuwa sai mai ƙarfin tsalle. An ce magudanar ruwa za a gina. Masu shaguna sun riga sun shimfiɗa katakai, kowa a ƙofarsa, mutane na haurawa ɗaya bayan ɗaya suna ware hannu.

Dogo ya tsaya a bakin ramin yana kallon kwaɗon ƙofarsa. Bai fi taku kaɗan ba tsakaninsu.

Mai walda da tela suka fito suna dariya, suka ce wannan ai ba abin damuwa ba ne. Ɗaya ya kama shi ta hammata, ɗaya ta ƙafafu, suka haura da shi katako na lanƙwasa, sannan suka dawo suka ɗauki keken.

"Dogo, ashe har yanzu tsawon nan yana nan," in ji tela yana haki. "Zama ne kawai ya ɓoye mana shi."

Shi ma ya yi dariya, amma idonsa na kan mutanen da suka tsaya a titi suna kallo.

Da rana ya sa aka kira masa shugaban masu aikin. Mutum ne mai fara'a, ya durƙusa a gefen keken ya saurare shi har ƙarshe. Ya ce kada ya damu, da zarar an zuba kankare za a rufe da murfi, keke zai wuce sumul, abin ba zai ɗauki lokaci ba. Aka kawo rodi da yashi aka zube a gefen titi. Aka yi kwanaki ana ɗaure-ɗaure a can ƙarshen layin. Daga nan katafilar ta tafi, leburori suka ragu, wata rana aka wayi gari babu kowa. Wasu suka ce ba a biya mai kwangila ba, wasu suka ce an kai shi wani aikin. Yashin ma a hankali ya ƙare, kowa na ɗiban bokiti.

Ɗaukar safe da ta yamma ta zama ƙa'ida. Abin da bai iya faɗa wa kowa ba shi ne na tsakiyar rana. Da can idan ya matsu yakan tura kekensa zuwa gidan man da ke ƙarshen titi, inda banɗakinsu ke da faɗin ƙofa. Yanzu sai ya kira mutum biyu su bar aikinsu, su fito da shi, su jira, su mayar da shi. Ya yi hakan sau ɗaya, mai walda na tsakiyar haɗa ƙofar wani, ya ga yadda mai ƙofar ke duba agogo. Bai sake ba. Sai ya daina shan ruwa daga safe har ya koma gida. Ba a daɗe ba zazzaɓi ya kwantar da shi, likita ya ce ciwon mafitsara ne, ya yi masa faɗa sosai, ya ce mai irin lalurarsa ba ya wasa da ruwa. Matarsa tana wurin. Da suka koma gida suka shiga ɗaki ta tambaye shi ko so yake ya bar ta da yara saboda kunyar tela.

Da ya warware ya je ofishin da aka ce su ke da aikin titin. Mai kula da sashen yana hawa na biyu, kuma matakala ce kawai. Mai gadi ya tausaya masa, ya hau da saƙonsa, ya sauko ya ce oga na taro, a jira. Dogo ya ja kekensa inuwar ƙofa. Yana nan zaune wata mata da ta fito daga ciki ta ajiye masa kuɗi a cinya ba tare da ta dube shi ba, ta shige mota. Ya ɗaga hannu zai kira ta, motar ta riga ta ja. Can da rana mai gadi ya sake saukowa ya ce oga ya ji, kuma ana kan maganar. Dogo ya miƙa wa mai gadin kuɗin matar, ya juya keke.

Mai walda bai ji daɗin labarin ba. Ya tattara ragowar ƙarafuna a shagonsa ya haɗa wata 'yar gada mai faɗin keke, da ɗan ƙarfe a gefe da gefe don kada taya ta zame. Ranar da aka ɗora ta Dogo ya haura da kansa, ya juyo, ya sake haurawa, tela na tafa masa. Ya yi 'yan makonni yana shiga yana fita yadda ya ga dama, har masu shagunan kusa suka bar katakansu suka koma bi ta gadarsa.

Sai ruwa ya sauka. Ramin da babu kankare a jikinsa ya cika ya riƙa cin gefensa. Bayan wani ruwa mai ƙarfi Dogo ya zo ya tarar bakin ramin ya zabge ta ɓangaren titi, gadar ta karkace ta faɗa ciki, rabinta a cikin laka. Ramin ya ƙara faɗi sosai. Mai walda ya auna da ido, ya ce ko ya ƙera wata babu ƙasa mai ƙarfi da za ta zauna a kai, ruwa na gaba zai sake cinye ta.

Suka koma ɗauka, a kan dogon katako mai santsi. A rana ta farko ƙafar tela ta zame a tsakiya. Bai saki Dogo ba, ya durƙushe da gwiwa a kan katakon, mai walda ya finciko su da ƙyar. Babu wanda ya faɗa, amma ciwon baya ya kama tela, ya yi kwanaki bai taka keken ɗinki ba. Matar tela ta zo gida ta sami matar Dogo. Ba da faɗa ta zo ba, har da kuka ta yi, ta roƙi a bar mijinta da ɗaukar nan, ta ce ita ma yara gare ta. Tela da kansa ya aiko cewa kada a saurare ta. Dogo ya ce a gaya masa ya gode, amma an gama.

Matarsa ce ta kawo shawarar ƙarshe. Idan ta taso daga shara za ta haura ta buɗe shago, shi ya zauna a bakin titi ya karɓi makullai, ya riƙa gaya mata yadda za ta yi. Suka gwada. Yana zaune ƙarƙashin lema, motoci na watsa masa ruwan laka, yana ɗaga murya ta saman ramin: ta matse sosai, ta daidaita kafaɗar makullin, ta bi a hankali. Ita kuwa tsoron injin take yi, da ya fara ƙara sai ta runtse ido. Daga inda yake, da kunne kawai yana jin ta danna da yawa, yana jin haƙorin makullin na lalacewa, ba shi da yadda zai yi. Aka fara dawo da makullai ba sa buɗewa. Wani direba ya jefa masa nasa a cinya ya ce a ba shi tsohon kawai.

Ranar ya yi mata tsawa a gaban mutane, abin da bai taɓa yi ba. Ta kashe injin, ta fito bakin ƙofa, hannuwanta duk garin tagulla.

"Baban yara, ni ban iya ba," ta ce a hankali. "Wallahi ina so in iya."

Ya sunkuyar da kai. Yana so ya je inda take, sai dai ita ce ta kulle shagon ta hauro.

Yaya ya zo a ƙarshen mako ya ce zaman shagon da ba a shiga ba shi da amfani, a kwashe kaya a kai gida kafin a ga abin da Allah zai yi. Dogo ya ce gidansu a cikin lungu yake, babu mai wucewa sai wanda ya yi ɓatan kai, wutar unguwar kuma sai ta ga dama. Yaya ya ce ya sani. Ya tambaye shi ko yana da wata dabara, Dogo ya miƙa masa makullin shagon.

Daga bakin titi ya kalli mai walda yana kwance notin da ya ɗaure da hannunsa. Mai waldan da Yaya suka rungumo injin suka hauro da shi a hankali, sannan teburin, sannan allon da makullai ke rataye suna kaɗawa. Tela ya fito dafe da baya, ya tsaya a nasa ɓangaren ya ɗaga masa hannu, ya ce da an rufe ramin zai dawo, ai shagon ba gudu zai yi ba. Kafin wata ya ƙare mai shagunan ya ba wa wani mai sayar da takalma.

An ajiye teburin a barandar gida, kusa da igiyar shanya. Matarsa ta rubuta sanarwa a kwali ta liƙa a bakin lungu, ruwa ya jiƙa shi, ta sake wani. Wani lokaci mako kan wuce babu wanda ya ƙwanƙwasa.

Wata rana da hantsi wata maƙwabciya ta shigo da makullin ɗakin ɗanta. Dogo ya yaye zanen da ke kan injin, ya matse makullan biyu, ya kunna. Ya yanka haƙori biyu ke nan wuta ta ɗauke. Suka jira. Ta tambaye shi jiki, ya tambaye ta yara, ta yi maganar tsadar kaya. Can ta miƙe ta ce ta bar tukunya a kan wuta, ya ba ta makullin, za ta dawo idan an kawo. Ya kwance ya ba ta. Yana ji ta fita, takunta bai nufi gidanta ba, hanyar kasuwa ya yi.

Ya bar rabin makullin a matse. Da matarsa ta dawo daga aiki ta ɗauki zanen za ta rufe injin, ya ce ta bari tukuna, ta dai kunna masa ƙwan baranda don ya san lokacin da aka kawo wuta. Ta kunna, ta shiga ciki ta ɗora ruwa, shi kuma ya gyara zama a gaban teburin.