Shuɗin Yatsun Habu

Tun ranar da aka dawo da takalmin nan daga Damagaram, Inna Kulu ba ta taɓa kiransa takalmi ba. Mari take ce masa, irin na ɗaure fursuna. Kuma tsakani da Allah ba a ga laifinta ba. Takalma ne guda biyu 'yan mitsi-mitsi, an haɗe su da sandar ƙarfe, wannan ƙafa ta kalli gabas, waccan ta kalli yamma. Duk matar da ta leƙo gidan a Gidimuni sai ta dafe ƙirji ta yi salati.

Mai takalmin shi ne Habu, ɗan farin Sa'a, surukar Kulu. An haife shi tafin ƙafafunsa suna kallon juna. Aka yi ta zarya zuwa likita ana ɗaure su da farin siminti har suka miƙe. Ranar da aka ba da takalmin, Madam Zuliha mai kula da jarirai ta zaunar da Sa'a ta karanta mata karatun da har yau yake hana ta sukuni.

"Safa mai laushi, ba tattara. Dunduniya ta sauka har ƙasa, sannan ki ja maɗaurin tsakiya ya kama sosai. Kullum ki duba yatsu. In kin ga sun yi shuɗi, jini ba ya wucewa, ki cire ki taho nan da nan. Amma kada ki bar shi ba takalmi haka kawai don ya yi kuka. Ƙafar komawa take yi."

Ba sai an ba Sa'a labarin komawar ƙafa ba. Ga Bukar nan, wan mijinta, babban ɗan Inna Kulu, da irin ƙafar aka haife shi. A gefen ƙafa yake tafiya, wurin ya yi kanta kamar gwiwar raƙumi. Kullum da safe tana ganinsa yana lallaɓawa bakin tafki, sai ta kau da kai ta ƙara rungume ɗanta.

To, ga tsoron jan maɗauri, ga tsoron sassautawa. Ita dai a tsakiya take, kuma in gaskiya za a faɗa, ta fi karkata ga sassautawa. Wace uwa ce za ta ja maɗaurin fata a kan ƙafar da ba ta kai ɗan yatsanta tsawo ba, tausayi bai kama ta ba?

Ran nan da hantsi, ana tsakiyar noma, ta kai wa mijinta Mamman fura gona, ta bar yaron wajen kakarsa. Da ta dawo ta iske shi kwance kan tabarma a zaure yana ta tsala kuka, Inna Kulu tana can baya tana ba awaki ruwa. Sa'a ta durƙusa ta duba yatsun kamar yadda ta saba, don an yanke bakin safar saboda haka.

Shuɗi. Duka goman.

Gabanta ya yanke ya faɗi. Ta fizge maɗauran, ta zare safar, sai ga shuɗin nan ya hau har idon sawu, mai duhu, kamar ƙafar da aka tsamo daga rijiya. Ta kasa ko taɓawa. Ita da ba ta taɓa kiran sunan ɗan fari ba saboda kunya, yau sai ga ta tana kwarara shi gari na ji.

"Habu! Wayyo Habu! Inna, ƙafar ta mutu!"

Ta sunkuce shi ta goya, ta yi waje ko takalmi babu a ƙafarta. Ba ta tsaya neman Mamman ba. A bakin kwalta ta samu motar haya mai zuwa Damagaram, ta kutsa ciki. Motar na shirin tashi sai ga Inna Kulu tana haki, ta dafe wani ƙunshi a ƙirji, aka ja ta ciki. Tsohuwar ta matsu kusa da Sa'a.

Sa'a ta sauko da yaron kan cinya, ta lulluɓe ƙafafun da gefen zani, ta riƙe su gam a cikin tafin hannunta. Ba ta son kowa ya gani. Amma ina! Wata mai tallan ƙuli-ƙuli da ke gefenta ta riga ta hango.

"Subhanallahi! Baiwar Allah, haka na ƙanen mijina ya yi. Da aka je asibiti, lokotoro ya ce sai dai a…"

"Hajiya, don Allah ki yi shiru," in ji wani dattijo daga baya.

Ta yi shirun, amma ai ta riga ta gama magana. Sa'a ta ƙara damƙe ƙafafun. Dā tsoronta kada ɗanta ya yi tafiyar Bukar. Yanzu roƙon Allah take a bar mata ko da irin ta Bukar ɗin ce, ƙafa dai ta kasance a jikinsa. Ni na ja maɗaurin nan da safe, take ta faɗa a ranta. Ni na kashe ta da hannuna. Motar kuwa kamar da gayya, kowane ƙauye sai ta tsaya a ɗora buhu.

Zafi ya cika motar, gumi na bin kowa. Wajen Mirriya yaron ya gaji da kuka ya fara wutsil-wutsil, ya harbi hannunta da ƙarfi. Matacciyar ƙafa tana harbi? Ta buɗe hannun a hankali.

Tafin hannunta ya yi shuɗi. Inda ta riƙe a ƙafar kuwa ya yi fes, fata lafiya lau, da ɗuminta.

Ta tofa yawu a gefen zani ta goga babban yatsan. Shuɗin ya biyo zanin. Ta ɗaga kai, idonta ya sauka kan turkuɗin da ke kan surukarta, tsohon mayafin nan mai shuni da Inna Kulu ba ta bari kowa ya taɓa. Gefensa a yage.

"Inna?"

Tsohuwar ta matso da ƙafar dab da idanunta, don ganinta ya yi rauni. Ta goga, ta duba yatsanta.

"Shuni ne?" ta ce. "Shuni ne kawai? Ke 'yar nan, tun daga gida nake cewa ni na shaƙe masa jini. Dunduniyarsa na gani ta yi ja, tana ta goga a ciki. In kin fita sai in naɗe masa ƙyallen da na yaga a mayafina, in kin kusa dawowa in cire."

Sa'a ta juya dunduniyar. Ga jan nan kuwa, bai fashe ba tukuna. Ta san daga ina ya fito: daga maɗaurin da take bari sako-sako, ƙafar tana zamewa. Dariya da kuka suka haɗe mata. Sai kuma wani sabon tsoro ya soke ta. Takalmin! A zaure ta yar da shi, ƙofa a buɗe, ga awaki masu cin fata.

Inna Kulu ta kwance ƙunshin da ke ƙirjinta. Ga shi nan, har da safar.

"A nuna wa madam ɗin jan, ta gani," ta ce. "Amma kafin nan mayar masa."

Sa'a ta goge ƙafafun tas, ta ja safar ba tattara. Ta lanƙwasa gwiwar, ta danna har dunduniya ta zauna ƙasa. Inna Kulu ta riƙe sandar ƙarfen da hannu biyu. Da Sa'a ta ja maɗaurin tsakiya, Habu ya callara ƙara, hannunta ya tsaya cak a inda ya saba tsayawa.

Hawaye na zuba a fuskar tsohuwar, amma ba ta saki ƙarfen ba.

"Na wajena babba, da yake kuka, ba ni da abin da zan ja masa," ta ce. "Ƙara ja."