Ƙofar Direba

Harouna ya ɗaure noti na ƙarshe, ya goge hannu a rigar aikinsa, ya tura ƙofar motar da yatsa biyu. Ta tafi salin-alin har ta kusa isa, sai ta daki jikin motar ta dawo masa. Ya sake turawa da tafin hannu, ta sake dawowa. Ya durƙusa ya kai ido kusa. Daga sama bakin ƙofar ya hau kan jiki, daga ƙasa kuwa akwai tazarar da babban yatsansa zai shige. Nan take ya san akwai kuskure, domin mai sana'a yakan gane laifinsa tun kafin ya yarda ya faɗa wa kansa.

Kiranta mota ma kara ce aka yi mata. Ƙwarangwal ne na wata tsohuwar motar tsere 'yar Ingila, ƙirar 1965, mai kujera biyu, marar rufi. Ba inji, ba taya, ba gilashi, ba ko ɗigon fenti, tana zaune kan ƙafafun ƙarfe huɗu a lungun baya na garejin Alhassan da ke unguwar Jamaica a New York, inda jiragen JFK ke wucewa ta kai kamar za su tafi da kwanon rufin. Mai ita Alhaji Ishiyaku ne, dattijon Kano da ya yi ritaya daga wata hukumar ƙasa da ƙasa. Gareji biyu sun riga sun ɓata masa rai da shafe tsatsa da mastik, wannan kwaɓin da ake cike lotsawa da shi a bi da fenti. Shi ya sa yake yawo da mayen ƙarfe a aljihu yana manna wa jikin mota, don ba ya kama inda aka shafa mastik. Ya ba Harouna wata uku, ya ce ranar Asabar ɗin nan, wato yau, bayan la'asar zai zo ya ga ƙofofi a rataye. In sun rufu, aikin motar gaba ɗaya na Harouna ne har ta hau titi. In ba su rufu ba, akwai wani garejin Turawa a Long Island da ya ajiye masa wuri.

Shekara ashirin Harouna ya yi yana bugun kwanon mota a Damagaram, har daga Agadas ake kawo masa aiki. Da ya zo New York sai aka miƙa masa gwangwanin mastik da layin tasi, aka ce direba na jira, a yi sauri. Shekara goma sha ɗaya yana wannan shafe-shafe kamar mai yaɓen ɗaki, yana jin kunyar hannunsa. Wannan ƙwarangwal ne ya dawo masa da gudumarsa, kuma yana son aikin fiye da yadda zai iya faɗa wa kowa.

Bai sha wahalar gano inda ya kauce ba. Dogon ƙarfen da ke ƙarƙashin kowace ƙofa, dokin ƙofar ke nan, tsatsa ta cinye shi ta gefe biyu. Harouna ya yanke su rana ɗaya, ya ƙera sababbi da hannunsa, ya yi sati uku yana walda. Haka ya yi wa Fijo sun fi ɗari a gida, ba wadda ta yi gardama. Ya manta cewa Fijo na da rufi, kuma rufin ne ke riƙe gaba da baya in an yanke ƙasa. Wannan kuwa dokin ƙofar shi ne ƙashin bayanta. Da ya yanke, sai cikinta ya sauka kamar gadon da igiyarsa ta saki, shi kuma ya zo ya ƙulle ta a haka da waldarsa mai kyau.

Alhassan ya leƙo riƙe da kofin shayi. Mutumin Kumasi ne, mai fara'a da tumbi, wanda a Hausarsa mota ma namiji ce.

"Chale, aboki, yaya? Ƙofa bai rufe ba?"

Harouna ya amsa wa maigidansa: "Ba ta rufe ba, patron. Motar ta lanƙwashe a tsakiya. Ni na lanƙwasa ta."

Alhassan ya tura ƙofar sau biyu, ya leƙa sama ya leƙa ƙasa, ya yi dariya. "Wannan ne ya sa ka ɓata fuska? Ka goge saman ƙofa kaɗan, ka yi waldar waya a ƙasa, ka bi shi da fayil. Duka ƙarfe ne, magnet na Alhaji zai kama. Awa biyu ka gama. Kai ne fa ka koya mini wannan."

Gaskiya ya faɗa. A gida, in ƙofa da jiki suka saɓa, ƙofa ake hukuntawa, kuma a duk Damagaram ba wanda ya kai Harouna iya wannan hukunci. Yakan rage nan ya ƙara can har mai mota ya rantse haka ta fito daga kamfani.

"Motar za ta zauna a karkace," in ji Harouna.

"Wa zai sani? Alhaji tsoho ne, Lahadi kawai zai tuƙa shi, a hankali. Ka yi tunani, massa. In mota nan ya fita, lungu nan zan sa tasi, kai ma ka koma mastik. Ba mugunta ba ne, aiki ne."

Alhassan ya koma gaba inda direbobi ke jiransa. Harouna ya kwance ƙofar ya kwantar da ita kan tebur, ya ja layi da alli daidai inda zai rage, ya jona injin yanka. Faifan ya ɗauki kuka. Ya kawo shi kusa da layin, sai idonsa ya sauka kan naɗin bakin ƙofar ta ciki. Akwai sawun guduma ƙanana a jere, na wani mutum da ya naɗe kwanon shekara sittin da suka wuce, bai yi gaggawa ba, bai tsallake ko taƙi ɗaya ba. Ƙofar lafiyarta ƙalau, ita kaɗai ce ma tsatsa ta ƙyale a duk motar. Harouna ya ji haushin kansa. Ya goge allin da gefen hannu, ya juya ya durƙusa gaban motar, ya ɗora faifan a kan waldarsa ta sati uku.

Tartsatsi ya watsu. Alhassan ya rugo ya tsaya a bakin lungun, baki buɗe. Ya yi magana, ƙarar injin ta haɗiye ta, ya girgiza kai ya tafi. Harouna bai ɗago ba. Waldar ta yi taurin kai, domin ba da wasa ya yi ta ba, sai da ta cinye faifai huɗu kafin gefe ɗaya ya saki. Ya yi azahar a gurguje kan kwali, ya koma ɗaya gefen. Da ya gama ya ja zare daga hancin motar zuwa wutsiya, ya sa jak a ƙarƙashin cikinta da katako a tsakani, ya riƙa ɗagawa kaɗan-kaɗan yana duba zaren. Ya rataya ƙofofin biyu, ya ninka guntun kwali yana zura shi a tazarar, sama da ƙasa, yana ƙara jak yana ragewa. Gumi ya jiƙa masa riga har baya.

Yana cikin haka ya ji sallama. Alhaji Ishiyaku ne, da farar riga da hular sanyi, da sandarsa. Dattijon ya tsaya yana kallon dokin ƙofa biyu a yashe a ƙasa, da ramukan da suka bari a jikin motarsa. 

"Malam Harouna, wata uku da suka wuce haka na bar ta."

"Haka ne, ranka ya daɗe. Na yanke ƙasa ban tokare ta ba, ta lanƙwashe, na yi walda a kai. Yau da safe na gani. Laifina ne, ba na kowa ba."

"Sai yaushe ke nan?"

"Sati uku. Ko huɗu, kada in yi maka ƙarya."

Alhaji ya zauna kan wata tsohuwar taya ya jingine sandar. Ya ce shekarunsa saba'in da uku, likita ya ce idonsa na dama ya fara tafiya. Tun yana ɗalibi a Zariya ya ga wani malaminsu da irin wannan mota ya ƙudurta a ransa sai ya mallaki irinta, kuma ba ya son a gama ta lokacin da sai dai a tuƙa shi a ciki. Kowane gareji sati uku yake ce masa. Bai ɗaga murya ba, hakan ya fi yi wa Harouna ciwo. Daga nan ya ciro waya ya kira janwe.

Alhassan ya matso yana murza hannu. "Alhaji, ka yi haƙuri. Mutumin nan da ya so, da ya goge ƙofa, da yanzu kana sa masa albarka."

"Na sani," in ji Alhaji. "Amma na gaji, Alhassan. Na ce wa mutanen Long Island za su gan ta Litinin."

Harouna ya matso gaban dattijon. "Ranka ya daɗe, alfarma ɗaya. Kada a ɗaga ta haka. Jak ne ke riƙe da ita, in aka ja ta sama za ta karye a tsakiya. A ba ni minti arba'in."

Ba wanda ya hana shi. Ya yanko bututun ƙarfe, ya gitta biyu-biyu ta cikin kowace ƙofa, ya ƙara ɗaya daga gefe zuwa gefe, ya yi musu walda. Abin da ya kamata ya yi tun ranar farko ke nan, yana yi yana sane, kuma ya yi shi da kyau kamar motar tana nan zama. Janwe ya iso, direban wani ɗan Haiti ya tsaya yana duba agogo. Harouna ya gama, ya sassauta jak ɗin a hankali har ya rabu da motar. Zaren bai motsa ba.

Alhaji ya tashi ya zo ya tura ƙofar direba da kan sandarsa. Ta tafi ta zauna a mazauninta, tazarar sama daidai da ta ƙasa. Ya buɗe ya sake rufewa. Ya zagaya ya gwada ɗayar, ita ma haka.

"To ai ga shi sun rufu."

"Tokara ce ta riƙe su, ranka ya daɗe. Ba a gama ba sai an mayar da ƙasan."

Dattijon ya dube shi kamar yana jiran ya ƙara wata magana, ko ya roƙa. Harouna bai roƙa ba. Ya kwance ƙofofin don kada su jijjiga a hanya, ya zuba notocin kowace a leda daban ya rubuta hagu da dama. Ya ɗauki alli ya rubuta a kan bututun da Turancinsa na gareji cewa kada a cire sai an gama walda. Su huɗu, shi da Alhassan da mai janwe da wani direban tasi, suka tallabi ƙwarangwal ɗin suka ɗora kan janwe, shi ya nuna wa direban inda zai ɗaure da inda ba zai taɓa ba.

Alhaji na tsaye kusa da teburin da ƙofofin suke. Ya shafa ɗaya, ya yi gyaran murya.

"Waɗannan a bar su nan. Ka riƙe mini su, Malam Harouna. In sun gama ƙasan zan dawo da ita, kai za ka rataya su, ka ci gaba daga nan."

Alhassan ya washe baki, ya zunguri Harouna da gwiwar hannu. Hanya ce dattijon ya buɗe, kowa a wurin ya gane. Muddin ƙofofin na lungun nan, motar za ta dawo. Harouna ya so ya ce to, har bakinsa ya buɗe.

"Na gode, ranka ya daɗe. Amma su tafi da ita. Ba a waldar ƙasa sai da ƙofa a jiki ana gwadawa. In aka yi babu su, abin da ya same ni zai same su."

"Chale," in ji Alhassan a hankali.

Harouna ya ɗauko barguna biyu na gareji ya naɗe ƙofofin, ya rungumi ta direba ya hau da ita kan janwe da kansa, ya dawo ya ɗauki ta biyun. Alhaji ya miƙa masa hannu, suka gaisa, dattijon ya riƙe hannun ya daɗe, amma bai fasa tafiya da motar ba. Janwe ya tashi. Harouna ya bi shi a ƙafa har bakin titi yana yi wa direban alama ya bi ramin ƙofar gareji a hankali, ya tsaya nan yana kallon ƙwarangwal ɗin na rangaji a cikin motocin Liberty Avenue. Sai da ya sha kwana Harouna ya tuna ko sau ɗaya bai tambayi Alhaji wane launin fenti za a yi mata ba.