Rumfar Jirgin Maiwada

Jumare maɗinkin tamfol ne a tashar motar Makarfi. Ba ya ɗinka riga ko wando, aikinsa buhunan gyaɗa ne da rufin manyan motoci, da basilla da zare mai kaki. Duk direban da ke bin hanyar Ikara ya san ɗinkinsa, don ba ya warwarewa. Shekara uku bayan samun mulkin kai, damina ta ja baya amma koguna ba su janye ba, aka aiko masa daga wajen Furana cewa Maiwada mai fito yana nemansa, rumfar jirginsa ta ƙi zama.

Sau biyu yana cewa aiki ya yi masa yawa. Kowa kuwa ya san dalili. A mashigin kogin da Maiwada ke fito ne motar kasuwa ta kife shekara biyu da suka wuce, da ƙaninsa Lawal a ciki, mai fataucin mazarƙwaila. Mutum goma sha ɗaya aka binne. Lawal ko gawarsa ba a gani ba. Tun daga ranar Jumare bai sake bin hanyar ba.

A karo na uku Maiwada da kansa ya zo a kan keke, tsoho mai furfura, ya durƙusa a bakin rumfar ɗinki yana haki. Suka gaisa, aka tambayi gida da iyali da amfanin gona. Sannan ya ce, "Malam Jumare, ni dai na zo da ƙafata. In ka ce a'a zan koma, amma ba wanda zan kai wa aikin nan."

Jumare ya ji kunyar tsohon. Ya ce, "To Baba, jibi in Allah ya kai mu."

Da hantsi ya isa bakin kogin. Jirgin ba kwalekwale ba ne. Duro takwas ne na ƙarfe aka ɗaure jere biyu, aka shimfiɗa katako a kai, ga igiya mai kauri daga wannan gaɓa zuwa waccan, ita ake ja a haye. Mutanen ƙauyukan ne suka yi gayya suka haɗa shi bayan hatsarin. A kansa an kafa gora huɗu, an rufa koren tamfol saboda rana. Tun daga nesa Jumare ya ga inda matsalar take. Gefe uku a miƙe suke, amma kusurwar baya ta hagu ta lotsa ƙasa, ta yi ciki, har sai mutum ya sunkuya kafin ya wuce ta ƙarƙashinta.

Maiwada ya ɗauki sanda ya tura cikin daga ƙasa. Ruwa ya kwararo a kan katako, ya fi cikin tulu guda.

Jumare ya ce, "An yi ruwa a nan jiya ne?"

"Yau kwana tara rabonmu da ko yayyafi. Kullum da safe nakan zubar. Kafin azahar ya sake taruwa."

"Raɓa ce."

Maiwada ya nuna masa ruwan da sandar. Jumare ya durƙusa ya taɓa ruwan ya kai hanci. Ƙarnin laka ne, irin na ƙasan kogi. Ya goge hannunsa a riga.

Tsohon ya ce, "Na ɗaure, na ƙara gora, na ja da igiya har tafin hannuna ya sale. Ranar kasuwa mutum ashirin za su cushe a gaba, rana tana dukansu, su bar min nan wayam. Jirgi kuwa in nauyi ya taru gefe guda, ka san abin da ke biyo baya."

Suka kwance tamfol ɗin, suka ja shi kan yashi suka shimfiɗa. Ya yi nauyi fiye da girmansa. Jumare ya bi bakinsa da yatsa yana neman inda aka yanka ba daidai ba, sai ya tsaya. Ɗinkin bakin layi biyu ne, da ƙulli a kowane taƙi, ƙullin kuma a juye yake zuwa ciki. A duk ƙasar nan mutum ɗaya ne ke yin haka.

Ya ce, "Baba, ina kuka samo wannan?"

Maiwada ya zauna a kan yashi, ya cire hularsa. "Da rani ya yi ruwa ya janye, aka zo da shanu aka jawo motar. Mai ita ya kwashe ƙarafansa ya bar rufin. Mu kuma ba mu da wani. Na san ɗinkinka ne. Shi ya sa na ce ba wanda zan kai wa."

Jumare ya kasa ɗaga kai. Akwai abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba, ko matarsa. Ranar da motar za ta tashi daga Makarfi ana tsuga ruwa, direba ya roƙe shi ya ɗaure marfin tamfol ɗin na baya sosai kada mutane su jiƙe. Shi ya ɗaure, daga waje, da irin ƙullinsa. Yana cikin ɗaurewa Lawal ya leƙo ta ɗan abin da ya rage yana dariya, ya ce, "Yaya, ka ɗinke mu kamar buhun gyaɗa!" Jumare ya tura kansa ciki, ya ja igiya ta ƙarshe.

Ya daure ya ci gaba da dubawa. A daidai inda rumfar ke lotsawa akwai wani faci na buhu, an ɗinka shi da gaggawa, zaren ya tattare tamfol ɗin ya yi masa aljihu. Ko ba komai wannan ya isa ya sa ruwa ya zauna. Ya ɗan ji sanyi a ransa, don abu ne da hannu zai iya gyarawa. Ya sa wuƙa ya warware facin.

A ƙarƙashinsa akwai tsaga mai tsawon kamu biyu. Ba yagewa ba ce, wuƙa ce, kuma ba sara ɗaya ba. An soka, an ja, wuƙar ta goce, an sake sokawa. Zaren bakin tsagar duk ya turo waje, wato daga ciki aka yanko. Jumare ya bi ta da ido. Ta faro daga sama ta hagu ta gangaro dama, yadda bahago ke yanka. Lawal bahago ne, tun suna yara ake dukan hannunsa a bakin akushi.

Ya ɗora tafin hannunsa a gefen tsagar. Rana ta take tsaka, ko ganye ba ya motsi. Sai ya ji tamfol ɗin ya taso a ƙarƙashin hannunsa, a hankali, ya tokare shi, kamar wani na turowa daga ƙasa. A ƙasa kuwa yashi ne kawai. Ya janye hannu da sauri yana salati. Da ya duba, tamfol na kwance yadda yake.

Maiwada ya ce, "Lafiya?"

"Lafiya lau. Ƙafata ce ta sage."

Suna haka wata dattijuwa ta gangaro da ƙwaryar daddawa a ka, za ta haye. Ta yi sallama, ta sauke kayanta, sai idonta ya faɗa kan tsagar. Ta tsaya cik.

Maiwada ya ce, "Iya Talatu ce, ta Furana. Ita kaɗai ke yarda ta zauna a kusurwar nan."

Ta matso ta durƙusa, ta shafa bakin tsagar da yatsunta. Ta ce, "Ashe tana nan. Ni na ɗauka da suka liƙa buhun nan sun yanke ta." Ta dubi Jumare. "Malam, ta nan na fito."

Jumare ya ce, "Kina cikin motar, Iya?"

"Ina ciki. Da ta kife duhu ya rufe mu, ruwa yana shigowa ta ƙasa. Maza suka yi baya suna jan marfi, ya ƙi buɗuwa. Ruwa ya kawo mana ƙirji. Akwai wani mai mazarƙwaila kusa da ni, tun daga tasha yake ba mu dariya, har ya gutsura min kayansa. Shi ya hau kan buhu ya fara sukar rufin. Ina jin numfashinsa a kunnena. Da haske ya shigo sai ya kama ni ta ƙugu ya cusa ni. Bayana ya turo wata mai goyo, da wani dattijo ɗan Gazara. Ina riƙe da ƙarfen motar na ga hannunsa ya fito har gwiwa. Na kama. Wallahi na kama, Malam. Sai motar ta sake juyawa."

Ta gyara mayafinta.

"Ban san sunansa ba. Na tambaya, aka ce 'yan Makarfi da yawa ne a ciki. Shi ya sa nake zama a nan in zan haye, in yi masa addu'a. Mutane suna cewa ana taɓa su a ka. Ni ma ana taɓa ni. Ban ga abin gudu ba."

 Maiwada ne ya ce, "Sunansa Lawal. Ga wansa nan gabanki."

Iya Talatu ta dube shi ta daɗe. Sannan ta ce, "Allah ya jiƙansa. Allah ya sa can ta fi nan."

"Iya, ni na ɗaure marfin." Maganar ta fito daga bakin Jumare ba tare da ya shirya ba. "Da hannuna. Na ɗaure yadda ba zai kwance ba."

 Iya Talatu ta ce, "Na gan ka ranar. Ruwa na dukanka kana ɗaurewa, mu muna ciki muna sa maka albarka. Abin da na gani ke nan." Ba ta ƙara ba, shi ma bai nemi ƙari ba.

Bayan sallar azahar ya kama aiki. Ya yanke wurin tsagar gaba ɗaya, murabba'i, ya naɗe ya ajiye gefe. Ya rage tsawon tamfol ɗin da taƙi uku, don tun farko ya fi ƙarfin jirgin. Abin da ya rage daga bakin shi ya cike gurbin da shi, ɗinki layi biyu, ya goga kaki. Ya sa Maiwada ya saro doguwar gora, suka gicciye ta a tsakiya ta fi na gefe tsayi, yadda rufin zai yi doro ruwa ya gangare. Duk tsawon aikin bai sake ɗora tafin hannunsa a kan tamfol ɗin ba, da gwiwa yake dannewa. Sau biyu ya ji kamar an tsaya a bayansa ana kallon basillar. Bai waiwaya ba.

Da suka zo ɗaurewa sai ya yi zarge a kowace kusurwa, ya bar bakin igiyar yana lilo ta ciki. Ya ce, "Baba, kowa ya ja wannan sau ɗaya, rumfar za ta tashi. Ka nuna wa masu hayewa."

La'asar ta yi suka gama. Rumfar ta miƙe tsaf, in an buga ta da yatsa har ƙara take. Maiwada ya ce sai ya hau sun gwada. Jumare ya hau, Iya Talatu ta zauna a kusurwarta da ƙwaryarta. Tsohon yana jan igiya, duro na ƙugi a ƙarƙashinsu. A tsakiyar kogi Maiwada ya daina ja, ya nuna wani wuri da haɓa inda ruwa ke juyawa a hankali. Suka ɗaga hannu su uku suka yi fatiha. Jumare yana shafawa ya ji ɗigo ɗaya mai sanyi ya sauka a bayan wuyansa. Ya ɗaga kai. Rufin a bushe yake.

Washegari ya tafi Gubuchi wurin mahaifiyarsu, Uwaliya, wadda idonta ya yi rauni tun bayan rasuwar Lawal. Ya zauna a bakin tabarmarta ya faɗa mata duka, har da marfin. Ya miƙa mata ƙyallen tamfol ɗin da ya yanko, mai tsagar. Ta bi tsagar da yatsa daga farko zuwa ƙarshe, ta koma ta sake bi.

Ta ce, "Mutum nawa ka ce?"

"Huɗu, Inna, har da jaririn."

"Shi da ko kaza ba ya iya yankawa." Ta naɗe ƙyallen ta sa a ƙarƙashin matashinta. Sannan ta ce a jiƙa gero, Juma'a mai zuwa za ta yi sadakar gumba, kuma a aika Furana a kira mata matar nan, tana so ta ji daga bakinta.

Jumare ya koma tasha ya ci gaba da ɗinkinsa. Maiwada ya aiko cewa ruwa ya daina taruwa, jirgi kuma yana tafiya daidai, ko da yake har yanzu akwai masu gwammace rana da wannan kusurwa. Iya Talatu ta zo Gubuchi ranar Juma'ar, ta kwana uku a ɗakin Uwaliya.