Yawun Uba

Tun da Raudha ta haihu mata ke zuwa barka gidansu da ke Kwaciri, amma har jajibirin suna ba a samu wadda ta miƙa hannu ta ce a ba ta jaririyar ba. Sukan yi sallama, su toge a bakin ƙofa, su miƙo wuya kamar masu leƙen rijiya, su ajiye sabulu ko turmin atamfa a gefen tabarma, su ce sun baro tukunya a wuta. Wasu ko takalmi ba sa cirewa.

Yarinyar kuwa tubarkalla, gashi baƙi wuluk kwance a goshi, yatsu zara-zara irin na ubanta. Leɓenta na sama ne kawai ya zo a tsage, tsagar ta haura har ƙasan hanci. Likita ya ce ana haifar irinta a ko'ina, in ta yi ƙwari za a ɗinke, tabon ma sai an lura. To amma likita a asibitinsa ya tsaya, bai biyo su gida ba. A unguwa kowa ya riga ya yanke nasa hukuncin, domin mijin Raudha, Muhammad Nur, mai walda ne a wata tashar lantarki ta nukiliya a ƙasar waje.

Wayyo Nur! Da mutanen nan sun san shi kamar yadda ta san shi. A Sabon Gari ta fara ganinsa, a shagon waldar abokinsa Chukwuma, ran da ta raka babanta karɓar ƙyauren gida. Ya ɗaga baƙin gilashin da ke fuskarsa ya dube ta, ya manta da wutar da ke hannunsa har ta cinye masa bakin riga. Ita kuwa tun daga ranar zuciyarta ba ta ƙara zama tata ita kaɗai ba. Da aikin waje ya samu, shi da Chukwuma suka tafi tare, yakan zo hutu ya koma. Duk sanda tsoro ya taso mata sai ya yi dariya a waya, ya ce, "Raudhata, bututun ruwa fa nake liƙewa. Akwai ɗan ƙarfen da suke maƙala mana a ƙirji yana auna tiririn nukiliyar. Abin da nake sha a shekara bai kai na hoton ƙirji a asibiti ba."

Ta haddace maganar nan kamar karatun allo. Ta biya wa ƙawayenta, ta biya wa matan da ke turo mata bidiyon ɗan maraƙi mai kai biyu da na garin da aka ce ciyawa ta cinye bayan tasharsu ta fashe. Ta biya wa Gwaggo Surayya, yayar babanta mai yi mata wankan jego, har Gwaggo ta gaji da ji.

"Hoton ƙirji!" in ji Gwaggo, tana ɗaura baƙar leda a kowane hannu kafin ta ɗauki jaririyar zuwa baho. Haka take yi mata wanka tun ranar farko. "To ga hoton nan an wanko mana, kowa ya gani. Kaf zuri'armu, daga Fagge har Dawakin Tofa, wa kika taɓa gani da baki irin na zomo?"

"Gwaggo, 'yata ce fa."

"Na ce ba taki ba ce? Ni ma jikata ce, shi ya sa nake taɓa ta. Ki duba, uwarki ma ta fake da kara, ko ɗakin ba ta shigowa. Shi kuma gogan ya bugo waya wai kada wanda ya yi mata huɗuba sai ya iso. Sannu, mai 'ya! Wanda ya kunna wuta shi ne zai zo ya hura."

Raudha ta juya fuska ga bango. A tsakar gida ana ta suyar cincin da dubulan, ragon suna na kuka a turke, matan da ke aikin kuma da zarar sun rage murya ta san da wa ake.

Bayan azahar sai ga sallama da wata murya da ta sani. Veronica ce, matar Chukwuma, ta sauko daga adaidaita da kwandon kayan jarirai a kai. A Sabon Gari aka haife ta, Hausa a bakinta kamar ta Bakanuwa. Bara Chukwuma ya dawo gida ba lafiya, bai ƙara komawa ba har ya rasu, kuma har yau baƙaƙen kayan makoki ne a jikinta.

Ta tuɓe takalmi, ta shigo har tsakar ɗaki, ta zauna a bakin gado.

"Mai jego, ina gajiya? Miƙo min kishiyar tawa in ga da me ta fi ni."

Raudha ta tsaya tana kallonta, ba ta gaskata kunnenta ba. Veronica ta sa hannu biyu, hannu tsirara ba leda, ta ɗauki yarinyar ta manna a ƙirji, ta sumbaci goshinta, ta sumbaci leɓen nan da kowa ke kawar da ido daga kansa. Sai kukan da Raudha ke dannewa tun daga asibiti ya ɓalle. Ta kifa kai a kafaɗar baƙuwar tana sheshsheƙa kamar ƙaramar yarinya.

"Haba, ya isa. Ruwan nono zai ƙafe. Wannan ɗan abin? Ɗan ƙanwar wata 'yar cocinmu haka aka haife shi, yanzu in kin gan shi sai an rantse miki."

"Anti Vero, kowa cewa yake aikin Nur ne. Na gaya musu, na gaya musu har na gaji, abin da yake sha a shekara bai kai..."

"Na hoton ƙirji ba," Veronica ta ƙarasa mata. Ta yi ɗan murmushi, idonta a kan jaririyar. "Haka Chukwuma yake ce min. Kalma ɗaya ba ki canza ba. Ina jin a can ake koya musu."

A ran Raudha maganar nan tata ce, Nur ya ƙera ta ne don kunnenta kaɗai.

"Amma ai ciwon hanta aka ce ya kashe shi," ta faɗa a hankali.

"Ciwon hanta ne. Likita ya ce tun yana yaro yake ɗauke da shi, babansa ma shi ya kashe shi. Na yarda, wallahi na yarda." Ta gyara wa yarinyar hula. "Sai dai in na zauna ni kaɗai nakan tuna yadda idonsa ya koma ruwan ƙwai, ƙaton mutum ya dawo kamar sillen kara. Akwatin kayan da ya dawo da shi ban ba 'yan uwansa ba. Bayan gidanmu na kai shi, na zuba kananzir na cinna wuta. Ban san dalili ba, hannuna ne kawai ya yi." Ta dubi Raudha, ta ga yadda fuskarta ta sauya, ta dafe baki. "Ke, ban ce komai ba fa. Bakin bazawara ne, ba shi da linzami. Nur lafiyarsa ƙalau."

Da ta tashi tafiya ta mayar da jaririyar cinyar uwarta, ta yi addu'a irin tasu. Raudha ta bi ta da kallo ta taga. A bakin rariya Veronica ta tsaya, ta ɗebi ruwa a buta, ta wanke hannu har gwiwa. Wataƙila zafi ne ya dame ta. Wataƙila.

Ana fitowa daga sallar la'asar hayaniya ta tashi a ƙofar gida, yara na ihun ga baban jaririya. Raudha ta ji muryarsa a zaure yana gaisawa da maza. Ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta goge ido. Baffanta Goni, wanda zai raɗa suna gobe, shi ya shigo da shi.

Ya rame kaɗan. Ko kuwa idonta ne? Da can ba ta taɓa duba farin idonsa ba, yau shi ta fara dubawa. Ya durƙusa har ƙasa ya gaida Gwaggo, ta amsa daga can ƙuryar ɗaki, mayafi a kan hanci. Sannan ya juyo ga matarsa, ya kalle ta irin kallon nan da ya taɓa ƙona masa riga, ya matso da gwiwoyinsa har gaban gado.

"Sannu, Raudhata. Sannu da wahala."

Ta buɗe masa zanen. Ya daɗe yana kallon 'yarsa, hawaye na bin gemunsa.

"Wannan ce ake ta yi min jaje a waya? Baffa, dubi hancinta. Dubi yadda take murmushi tun kafin a koya mata. Wallahi ban taɓa ganin abu mai kyanta ba."

Ya zaro dabino guda daga aljihun gaba, ya ce tun daga can ya zaɓo shi, bai yarda ya sa shi a jaka ba. Ya yi bismilla, ya gutsura, ya tauna har ya yi laushi, ya lakato a ɗan yatsa don ya shafa mata a dasashi kamar yadda ake yi wa kowane ɗan Musulmi.

"Kai! Tsaya nan!" Gwaggo ta miƙe. "Me za ka sa mata?"

"Dabino ne, Gwaggo."

"Da yawun wa?"

"Surayya, sunna ce," in ji Goni. "Uba ne, haƙƙinsa ne."

"Goni, ka bar ni da karatunka. Da ka haɗu da shi a masallaci ɗazu, hannu ka ba shi ko ƙirji ka dafe?" Goni ya sunkuyar da kai yana jan carbi. "Ato. Abin da ya zuba mata tun tana ciki bai isa ba, sai ya ƙara mata da na baki? Abokin tafiyarsa yana ina yau? Matarsa yanzu ta bar ɗakin nan da baƙin zane."

Matan tsakar gida sun bar suya, sun cika bakin ƙofa, man gyaɗa na ƙauri a kasko ba mai kula.

Nur bai dubi kowa ba sai matarsa. Ya yi murmushi, na mutumin da ya san yana da wani a ɗakin.

"Gwaggo tsoro take ji, ba laifinta ba ne. Raudha ta sani. Gaya musu, Raudhata."

Ta buɗe baki. Karatun yana nan a harshenta, amma yanzu da muryar Veronica yake fitowa. Yatsan ya matso, ɗan dabinon na sheƙi a kansa, jiƙe. Ta dubi bakin 'yarta, bakin da ba shi da ƙyauren da zai rufe, duk abin da aka kawo sai ya shiga. Tana son mutumin nan fiye da numfashinta. Ta san ƙarya ake yi masa, kusan ta tabbata. Kusan.

Hannunta ya janye yarinyar, ta juya kafaɗa ta kare ta da jikinta.

Yatsansa ya tsaya a iska, a daidai inda bakin yake ɗazu.

"Ba wai na yarda da su ba ne," ta ce. "Nur, don Allah. Ko da ɗaya cikin dubu ne. Ka bari sai an ɗinke."

Ya dubi yatsan nasa kamar na wani ne aka ba shi riƙo. Ya waiga neman inda zai goge.

"Kada ka yar mana a tsakar gida," in ji Gwaggo. "Kaji na tsattsaga."

Sai ya mayar da shi bakinsa ya haɗiye. Raudha ta ga maƙogwaronsa ya motsa, da ƙyar, kamar tsakuwa ce ta wuce.

Goni ya yi gyaran murya, ya aika aka kawo wani dabinon daga ɗakinsa, ya tauna, ya shafa wa jaririyar. Ta tsotsa tana lumshe ido, mata suka ce masha Allahu. Ya tambayi uban sunan da ya zaɓa, Nur ya faɗa masa ba tare da ya ɗago ba, Goni ya sunkuya ya yi mata huɗuba da shi a kunne. Raudha ba ta ji sunan ba, kunnuwanta sun toshe da bugun zuciyarta.

Nur ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwa. Matan bakin ƙofa suka dare gida biyu, suka ba shi hanya mai faɗin da ko gawa aka ɗauko ta wuce.

"Nur!" Ta yunƙura za ta tashi, ciwon jego ya mayar da ita. "Gobe da sassafe za ka zo, ko? Da asuba za a raɗa suna."

Ya tsaya a bakin ƙofa, ya juyo. Babu fushi a fuskarsa, da ma fushin ne da ta samu abin riƙewa.

"Zan zo," ya ce. "A ina kike so in tsaya?"

Raudha ta dubi gefen gado, ta dubi tabarma, ta dubi 'yar da ke ƙirjinta. Ya jira ta, ya ƙara jira.

"Maza ai a waje suke zama," in ji Gwaggo. "Ke, wata ta zo ta ɗauke tabarmar nan da ya durƙusa a kai, a shanya ta a rana."