Ruwan Wankin Tukur

Tun da rijiyar gidanmu ta fara ba da laka, Zinatu matar ɗana Tukur ta daina zubar da ruwa a banza. A rediyo ta ji an ce duk ruwan da aka yi aiki da shi a gida yana da sauran amfani, ta karɓi maganar hannu bibbiyu. Ta ajiye tsohon baho inda muke alwala, ta ja 'yar hanya daga wurin wanke-wanke zuwa bayan ɗaki, inda ta yi fangali uku na alayyaho da sure, wato yakuwa. Ta lulluɓe gindinsu da ƙaiƙayi don kada rana ta shanye danshi, ban ruwa kuwa sai rana ta yi sanyi. Tsakiyar rani a Anka, ganye ya yi shar. Matan unguwa suka riƙa shigowa kallo, suna tafiya da ɗan na miya.

Ni ma na yaba. Abin da bai kwanta mini ba, mai rediyon nan yana zaune a birni yana yi wa kowa magana, bai san sana'ar gidan kowa ba.

Tukur a wurin injin niƙa dutsen zinari yake aiki, can cikin daji. Ran Alhamis yake dawowa da kayan aikinsa a leda, Zinatu ta wanke da safiyar Juma'a. Wata Juma'a ina zaune na ga ta juye bahon wankin a fangalin tsakiya. Abin da ya kwanta a ƙasan bahon laushi gare shi kamar garin tuwo. Jikata Khairat, wadda ba ta daɗe da fara tafiya ba, tana tsugune a bakin fangalin, ta damƙi laka ta kai baki.

Na ɗauke yarinyar na wanke mata hannu da baki, sannan na kira uwar. Na tuna mata shekarar da gubar dalma ta shiga ƙauyukan nan. Ita tana ƙarama lokacin, ni kuwa na yi zaman makoki a Tungar Daji har na rasa gidan da zan fara shiga. Yara na jijjiga, manya na cewa iskoki ne. Ashe ƙurar dutse ce, sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka fitar.

Zinatu ta ce ai ba dutse aka kawo gida ba, riga ce, kuma ta sa sabulu sosai.

"Sabulu ya fidda ƙurar daga riga, na yarda," na ce. "To da ta bar rigar, ina ta tahi?"

Ta dubi fangalin.

Tukur ya fito yana dariya, wai Inna da bokonta, abin da ba a gani ma sai ta yi masa shari'a. Ya ce in nuna masa gubar. Na ce ba zan iya ba, kuma ban rantse tana cikin ƙasar ba. Mai yiwuwa dutsen da suke niƙawa bana ba ya da ita. Amma shi ma bai sani ba, kuma 'yarsa ce ke cin ƙasar. Dariyar ta tsaya.

Ban ce a tuge komai ba, don wahalar Zinatu ce, tun daga iri. Ita da kanta ta ɗauko fartanya bayan la'asar, ta tuge shukar duka. Ko awaki ba ta ba ganyen ba. Tukur ya kwashe ƙasar a buhuna ya kai nesa da gari ya binne. Da muka kai Khairat asibiti aka auna jininta, suka ce akwai dalma, amma ba ta kai ta kwanciya ba; a raba ta da ƙurar, a dawo da ita a sake aunawa.

Yanzu kayan aikin Tukur ba su ƙetare ƙofar gida, can wurin aiki yake wanke su, can yake wanka. Lambun ya koma shuka a cikin buhu huɗu na ƙasar gona, ruwan alwala da na wankin shinkafa kawai yake sha. Miyar gida ma da ƙyar yake isa.

Mata ba su daina zuwa koyon dabara ba. Jiya na ji Zinatu ta tare Murjanatu maƙwabciyarmu tun kafin ta ajiye bokitinta.

"Tsaya tukuna, Yaya. Maigidanki, wane aiki yake yi?"